Neman kalmar Hausa: me za mu kira "laconic"?

Jama'a, barkanmu da war haka. Ina cikin fassara na ci karo da kalmar Turanci "laconic", kwana biyu ke nan ta tsaya mini a maƙogwaro.

Asalinta sunan wani yanki ne a ƙasar Girka, Lakoniya, inda birnin Sparta yake. An san mutanen wurin da magana kaɗan mai nauyi. Ana ba da labarin cewa Sarki Filibus na Makidoniya, mahaifin Iskandar Mai Girma, ya aika musu cewa idan ya shiga ƙasarsu zai rusa ta. Amsarsu kalma ɗaya ce: "Idan." Haka a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa, da Farisawa suka ce wa sarkin Sparta Liyonidas ya miƙa makamai, sai ya ce: "Zo ka ɗauka."

Wani malamina ya ce in sa "miskili". Malam, a gafarce ni, ban gamsu ba. Miskili yana iya jin tambayarka ya yi banza da kai, shi ya sa ake cewa ya fi mahaukaci ban haushi. Wanda ake kira "laconic" kuwa yana amsawa, kuma amsar ta wadatar. "Shiru-shiru" hali ne, mai shi ma yana iya rasa abin faɗa. "A taƙaice" kuma sai an yi doguwar magana ake taƙaita ta.

Kakana nake tunawa. Ranar da aka zo neman auren gwaggona, baƙi suka daɗe a zaure suna jero asali da zumunci, goro a gabansu. Ya saurare su har suka gama, ya gyara zaman rawaninsa, ya ce: "Na ba ku." Aka shafa fatiha. Babu wanda ya tashi yana jin an wulaƙanta shi.

Wata 'yar uwa ta kawo "rowar magana", kuma ta kusa. Sai dai rowa abin zargi ne. Ni na fi karkata ga "tsimin magana", tsimi irin na tsimi da tanadi: mutum yana da ita, ya san darajarta, ba ya kashe ta sai inda ya dace. A fassarar na rubuta: "Dattijo ne mai tsimin magana." Malamai, ya zauna muku a kunne?