Gyara tashoshin bas saboda masu buƙata ta musamman: yana mayar da kuɗinsa?

Baban_Khalifa: Salamu alaikum. In za a tsara bas a Zariya daga PZ zuwa Samaru da Shika, ana cewa a sa gangare da dakalin hawa saboda masu keken guragu. Ban da lada, akwai ribar kuɗi a ciki?

Injiniya_Kwangila: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma yawancinta daga lokaci take fitowa. Bas mai matakala uku, dole a jira tsohuwa da mai goyo da mai buhu. A ce an rage daƙiƙa 20 a kowace tsayawa, tsayawa 15 a sawu, minti 5 ke nan. Sawu 12 a rana, awa ɗaya cur, direba ya samu ƙarin sawu da mota ɗaya. Sharaɗin dai dakali ya zo kusan daidai da ƙasan bas, bas kuma ya matso jikinsa. In keke napep suka cika wurin ya tsaya tsakiyar titi, an yi asarar siminti.

Hajiya_TudunWada: Injiniya, a ƙara da Shika. Mara lafiyar da ba ya iya hawa bas shata yake ɗauka zuwa asibitin koyarwa, ɗan rakiya kuma ya rufe shago yini guda. Wasu su daina zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu, kuɗin magani ya ninka. Wannan ba ya shiga lissafin direbobi, amma daga aljihun mutanen gari yake fita.

Magini_SabonGari: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai awo ke lalata aikin. Kowane santimita 1 na tsayi yana son 12 na tsawo, wato dakali mai santimita 30 gangarensa mita 3.6 ne. A bar filin mita 1.5 a sama don juya keke. 'Yan kwangila kan gajarta gangaren don rage siminti, sai ya miƙe tsaye, ba mai hawa sai an tura shi. Kada a sa tayil. A ja tsintsiya a kan kankaren kafin ya bushe, saboda santsin damina. Kwatar gaban tasha a rufe ta da murfin kankare, in ba haka ba keken ba zai ma kai gangaren ba. Wa'adin shekara 5 da dokar tarayya kan masu buƙata ta musamman ta bayar don a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga ya cika tun Janairun 2024. Wanda bai sa gangare a zane ba zai biya kuɗin fasawa, ya sake biyan na gini.