A zafin Saudiyya, dole ne a ƙara girman injin jet ɗin rimot?

Abu Sadik, Riyad: Assalamu alaikum. Magana ɗaya zan faɗa, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Duk jirgin rimot da kamfani ya ce a sa masa tarbain (injin jet) mai ƙarfin 100N (Newton, ma'aunin ƙarfin turi), a ƙasar nan 140N ya kamata a sa. Lambar da ke jikin kwali an auna ta ne a zafin digiri 15, a daidai bakin teku. Riyad tana sama da teku da kusan mita 600, ga zafi yana kai 45. Ku lissafa, kaurin iska ya ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari. Injinka na 100N da ƙyar zai ba ka 85.

Injiniya, Jidda: Wa alaikumus salam. Lissafinka daidai ne Alhaji, hukuncin da ka ɗora a kai ne ban yarda da shi ba. Iskar da ta yi wa inji ƙaranci ita ce ta yi wa fuka-fuki ƙaranci. A wannan yanayin jirgi yana buƙatar ƙarin gudu kusan kashi 9 kafin ya ɗaga, haka ma wajen sauka. Sai kuma ka zo ka ƙara masa nauyi? Babban inji ya fi nauyi, bututun hayaƙinsa ya fi faɗi, ya fi shan mai. Na 100N ma idan ka buɗe masa totur duka yana shan kusan mililita 350 zuwa 400 a minti, wato tankin lita 2 bai wuce maka minti biyar zuwa shida. Ka ƙara inji, dole ka ƙara tanki. Inji kuma a baya yake zama, sai ka zuba dalma a hanci don nauyi ya daidaita. Ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

Abu Sadik, Riyad: Ai ku a bakin teku kuke, Injiniya. Ko Jidda ta kai 40, asararku ba ta wuce kashi 8. Ba wanda ya ce a riƙa tafiya da wuta duka. Ka shiga ECU, wato na'urar da ke sarrafa injin, ka rage iyakar juyin injin, sai ya yi aiki cikin sauƙi, hayaƙinsa bai kai zafin ƙaramin da ake matsa wa lamba ba.

Baffa, Makka: Ɗana, ka rage na sama, na ƙasa fa? Tarbain ko a silo yake yana turi, kuma na babba ya fi yawa. Jirgi mai sulɓin jiki irin F-16 sai ya ƙi rage gudu, ya yi ta shawagi a kan titi har kwalta ta ƙare. Masu babban inji a wajen sauka suke karya ƙafafun taya, ba a wajen tashi ba.

Ɗan Ta'if: Ku yi haƙuri da ni Baffa, a nan Alhaji yana da gaskiya. Mu muna kusan mita 1,900, Abha ta haura 2,200. A Abha ko zafi bai wuce 30 ba, iska ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Jirgin kilo 12 da 100N a can zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Amma mataki ɗaya za a ƙara, zuwa 120N mai faɗin jiki kusan ɗaya da na asali. Kuma kafin nan a duba sarbon jela (ƙaramin injin da ke motsa ta) da sandunansa, kada a bar ko ɗan lilo. Gudu ya yi yawa jela ta fara karkarwa, cikin daƙiƙa ɗaya take ballewa.

Injiniya, Jidda: Wannan na yarda, tsauni daban. Amma yawancin abin da ake ɗora wa zafi ba laifinsa ba ne. Ragar bakin inji ta toshe da ƙura, filtar mai ta yi datti, ko ƙaramin tankin tare iska bai cika ba, kumfa ɗaya ta wuce famfo inji ya mutu a sama. Ga masu auna man shafawa na tarbain da ido: kashi 5 ne, lita 1 a jarkar kananzir mai lita 20. Shi kaɗai ne ke shafa boris ɗin da ke juyi sama da 150,000 a minti, kuma kamfanoni irin JetCat bayan awa 25 suke cewa a mayar a duba. Boris ya ci rairayi, turi zai ragu ko da sanyin Janairu ne.

Abu Sadik, Riyad: Tayyib, amma rairayin ma babban inji ya fi jure shi, tunda juyinsa bai kai na ƙarami ba.

Baffa, Makka: Kuma ya fi zuƙo shi. A daina gardama da baki, a ɗaure jirgi da sikelin rataye, tanki cike, a buɗe wuta a lokacin da aka saba tashi. Idan turin ya kai kashi 70 na nauyin jirgin, a bar injin yadda yake, a tashi bayan asuba. Bai kai ba, a ƙara. Wanda zai zo gwajin Asabar ya taho da takardar rajistarsa ta GACA, hukumar kula da jiragen sama ta Saudiyya, da tukunyar kashe wuta ta CO2. Kada a kawo mai hoda, tana shiga inji ta lalata shi.

Abu Sadik, Riyad: Ni zan kawo sikelin. Amma da azahar za a auna, ba da asuba ba.