Wane suna za mu ba “indeterminate form” da Hausa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Muna rubuta darasin kalkulas da Hausa, kuma “iyaka” ta zauna mana a madadin limit, wato ƙimar da lissafi ke dosa yayin da x ke matsowa kusa da wata lamba. Saura sunan 0/0 ɗin nan da ke fitowa in an saka x = 0 cikin sin x / x, wanda ake kira “indeterminate form” da Turanci. Ni “marar amsa” na rubuta. Me kuka gani?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, wannan zai ɓatar da ɗalibi, da ya ga 0/0 sai ya ajiye biro, alhali amsa tana nan. Yayin da x ke dosar sifili, sin x / x tana dosar 1, sin 3x / x tana dosar 3, (1 − cos x) / x tana dosar 0, (1 − cos x) / x² kuwa rabi. Duka huɗun da fuskar 0/0 suka zo. A bar wa cos x / x “marar amsa”: in x ta doshi sifili ta dama haurawa take ba tsayawa, ta hagu kuwa gangarawa.

Malam Isa: Haka ne, Malama. Ina ba da shawarar “kurman baƙi”. Baƙin da ba a sa wa wasali ba, ana iya karanta shi ba, bi ko bu, sai wasali ya raba gardama. Ga yadda ake warware na huɗun, wato (1 − cos x) / x²: a ninka sama da ƙasa da 1 + cos x, sama ta koma sin² x. Sai a samu (sin x / x)² sau 1 / (1 + cos x), wato 1 sau rabi.

Malama Rabi: Ya yi. Amma a ja kunne kan abu biyu. Dole kusurwa ta kasance a radiyan, ma'aunin da π a cikinsa ke daidai da digiri 180: x = 0.1 na ba da 0.9983, in kuwa kalkuleta na kan digiri, 0.01745 za a gani, wato π/180. Sannan kada a kafa hujjar sin x / x da dokar L'Hôpital ta 1696, wadda ke warware 0/0 ta hanyar ɗaukar saurin canjin sama da na ƙasa, domin cewa saurin canjin sin x shi ne cos x a kan wannan iyakar aka gina shi. Matsi ake yi: kusa da sifili, sin x / x na tsakanin cos x da 1, kuma cos x na dosar 1.

Malam Habu: Na gode, malamai. Na sa “kurman baƙi”, kuma zai ɗauki ∞/∞ da 0 × ∞ (∞ na nufin haurawa ba tsayawa), kamar x sau cot x (cot x shi ne cos x / sin x), wadda ita ma 1 take dosa yayin da x ke dosar sifili.