"Secular": rashin addini take nufi, ko zamani?

Baban Khalifa: Salamu alaikum. Jiya a rediyo na ji an fassara "secular state" da "ƙasar da ba ta yarda da addini ba". Na ce daidai ne, ai "secular" rashin addini take nufi. Ƙanena ya ce ba haka ba ne, muka yi ta ja-in-ja har tuwo ya huce. Malam Habu, a raba mana gardama.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Alhaji, a yi haƙuri, yaron nan ya fi ka gaskiya. Tushen kalmar Latin ne, "saeculum", kuma lokaci take nufi: tsawon rayuwar tsara guda, ko ƙarni, ko zamani. Kiristocin farko suka riƙa amfani da ita wajen nufin wannan rayuwa mai ƙarewa, kishiyar ta har abada. Ta nan ta tashi daga zamani ta koma duniya, kamar yadda mu ma muke cewa sha'anin duniya da na lahira. Har yau a cocin Katolika akwai limaman da ake kira "secular", wato masu zama cikin jama'a, ba waɗanda suka keɓe kansu a gidajen ibada ba. Limami sukutum za a ce ba shi da addini?

Ɗan Maraɗi: Mu a nan ƙarni "siècle" muke cewa da Faransanci, kuma daga tushen nan ya fito. Batun raba gwamnati da addini kuwa kalmarsa daban ce, "laïcité", wadda aka fi dangantawa da dokar Faransa ta 1905.

Baban Khalifa: Malam, na ji tarihi, amma asali daban, ma'ana daban. In na ce mu haɗu ƙarfe biyu, ba wanda zai zo mini da guntayen ƙarfe guda biyu don a da ƙarfe ake bugawa a san lokaci. Yau in ɗan boko ya buga ƙirji ya ce shi "secular" ne, ƙarni yake nufi?

Malam Habu: A nan ka kama ni. Tun da wani Bature ɗan Ingila, George Holyoake, ya ƙirƙiro "secularism" a 1851, aka sami aƙida mai cewa a tsara rayuwa ba tare da komawa ga addini ba. Wannan ma'anar tana nan da ranta. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. Masana tattalin arziki in sun ce "secular trend", canjin da ke ɗaukar shekaru masu yawa suke nufi, ba ruwansu da masallaci ko coci.

Ustaz Nura: Larabawa ma sun sha wannan rigima. Wasu na karanta kalmarsu "almaniyya", daga alam, duniya; wasu "ilmaniyya", daga ilimi. Wasali ɗaya ya raba su. Sannan akwai "dahriyya", daga dahr, zamani, sunan waɗanda suka ce ba abin da ke halaka mu sai zamani, kamar yadda ya zo a Suratul Jasiya, aya ta 24. Don haka tsoron Alhaji ba a banza yake ba: jingina komai ga zamani tsohuwar hanya ce ta musun Mahalicci.

Hajiya Rabi: Allah gafarta Malam, wancan aƙidar mutum ce, mu kuwa ƙasa ake magana. A ɗauko kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a duba, kalmar "secular" ma ba ta ciki. Sashe na 10 cewa ya yi gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin hukuma ba, shi ke nan. Kundin nan dai shi ya tanadi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci, sannan gwamnati tana da hukumar alhazai da ta masu ziyarar ibada ta Kirista. Indiya ta saka kalmar a gabatarwar kundinta a 1976, amma Musulmin can har yanzu suna da dokokinsu na aure da gado. Faransa kuwa a 2004 ta hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati. Kalma ɗaya za ta ɗauki waɗannan duka?

Baban Khalifa: To ke Hajiya, da ke ce a gaban makirufo, me za ki ce?

Hajiya Rabi: "Ƙasar da gwamnatinta ba ta da addinin hukuma."

Ustaz Nura: Wannan ta yi wa Najeriya daidai, amma ta yi wa Faransa kaɗan.

Baban Khalifa: Ni dai ban sauka ba tukuna. Amma don Allah kar wanda ya tura wa ƙanena wannan hirar, gobe tare za mu Zariya a mota ɗaya.