Ratsa tsakiyar Ostareliya a mota da kwanan daji: me zan tanada?

Baban Khalifa, Bauchi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ƙanena da ke aikin likita a birnin Adelaide na ƙasar Ostareliya ya gayyace ni ziyara, kuma burinsa shi ne mu yi amfani da hutunsa mu ratsa tsakiyar ƙasar a mota har garin Alice Springs. Ba ya son mu bi kwalta kai tsaye. So yake mu ratse ta wata hanyar burji da ake kira Oodnadatta, muna kafa tanti muna kwana a daji. Motar haya za mu ɗauka, irin mai ja da ƙafa huɗu, kuma mu uku ne: ni da shi da babban ɗansa. Watan Disamba ya fi mini sauƙi, domin lokacin ne ake ba mu hutu a makarantar da nake koyarwa. Doguwar tafiya ba baƙuwata ba ce, amma ban taɓa kwana a inda babu gari kusa ba. Ina roƙon wanda ya san ƙasar ko ya san mota ya faɗa mini ko lokacin ya dace, da abin da za mu tanada, da yadda za mu yi da salla da abinci.

Injiniya Abu Sadik, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi karatu a Adelaide kuma na bi wannan hanya, don haka shawarata ta farko ita ce ka janye maganar Disamba gaba ɗaya. Lokacin da muke cikin hunturu a nan, su tsakiyar bazararsu ke nan, kuma a garin Oodnadatta ɗin da kake magana aka auna zafin da ya kai digiri 50.7 a ranar 2 ga Janairun 1960. Hamadar Simpson da ke gabas da wurin ma hukuma rufe ta take yi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris kowace shekara saboda zafi. Masu wannan tafiya daga Mayu zuwa Satumba suke yin ta.

Daga Adelaide zuwa Alice Springs ta kwalta kimanin kilomita 1,500 ne. Hanyar da ƙanenka ya zaɓa tana farawa ne daga Marree, ta bi ta William Creek da Oodnadatta, ta fito kan babban titin Stuart a Marla, kuma tsawonta ya ɗan haura kilomita 600. Abin da nake so ka riƙe shi ne, waɗannan wurare huɗu su ne inda za ku sa ran samun mai, kuma tsakanin kowane biyu akwai kusan kilomita 200, wato fiye da Bauchi zuwa Gombe, ba tare da Alkaleri ko wani ƙauye a tsakani ba. Mu a nan mun saba idan mota ta lalace za a ga mai babur ko mai faci ko Bafulatani da shanunsa kafin rana ta faɗi. A can kana iya yini ba ka ga kowa ba, kuma waya ba ta kamawa a mafi yawan hanyar. Saboda haka ku yi hayar wayar tauraron ɗan'adam, ku riƙe 'yar na'urar nan da ake dannawa ta aika wa masu ceto inda mutum yake, sannan ku bar wa wani a gida bayanin inda za ku kwana kowane dare da ranar da zai ji daga gare ku.

Duk da haka ban ce kada ka je ba, domin tafiya ce da ta cancanci wahalarta. Hanyar tana bin tsohon layin dogo, za ku riƙa wuce kufan tashoshi na dutse da tsofaffin gadojin ƙarfe. Za ku hangi gefen tafkin Eyre, farin gishiri shimfiɗe iya ganin ido. Akwai kuma maɓuɓɓugai da ruwa ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar fako, kuma su ne dalilin da ya sa hanyar ta bi ta nan tun asali, domin 'yan asalin ƙasar sun daɗe suna bin su kafin zuwan Turawa. A Coward Springs akwai wurin kafa tanti da ɗan kududdufin ruwan ɗumi da matafiya ke shiga.

Shugaban Gareji, Tudun Wada, Gombe

Ranka ya daɗe, ni ban je can ba, amma na daɗe ina shirya Land Cruiser da Hilux ga masu hawan Mambila da masu shiga yashin Nijar, kuma abin da ke kashe mota a burji iri ɗaya ne ko'ina. Gargada ce babbar abokiyar gaba. Tana kwance noti, tana gajiyar da shokazoba, tana fasa jarkar da aka ajiye ba a ɗaure ba. Idan kuka sauka daga kwalta ku rage iskar taya kaɗan ku kuma rage gudu, idan kuka koma kwalta ku mayar da iskar, wanda ke nufin dole ku riƙe famfo mai aiki da batirin mota da ma'aunin iska. Safaya biyu nake ba da shawara, tare da kayan faci, da fambel, da shebur, da katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai don kada ya nutse a ƙasa. Kowace safiya kafin a tayar da mota a buɗe bonet a duba ruwan lagireto da baƙin mai, a durƙusa a leƙa ƙarƙashi ko wani abu na ɗiga. Kafin ku bar wurin masu hayar, ku sa su nuna muku yadda ake shigar da ƙafa huɗun da yadda ake sauke safaya, ku gwada da hannunku a gabansu. Ku kuma karanta takardar haya da kyau, domin ba kowace inshora ce ke ɗaukar nauyin motar da ta bar kwalta ba.

Maman Nana, Bauchi

Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Kada lissafinku ya gaza lita 10 ga kowane mutum a rana idan an haɗa sha da girki, sannan a ƙara na kwana biyu ko uku da ba za a taɓa ba sai ta ɓaci. A raba shi cikin jarkoki da yawa, don idan ɗaya ta fashe sauran su tsira. Idan mota ta tsaya, kowa ya zauna kusa da ita a inuwa, kada wani ya ce zai taka da ƙafa ya nemo taimako, domin masu nema daga sama mota suke iya hangowa, kuma da yawa daga waɗanda ƙishirwa ta hallaka a Ostareliya barin motarsu suka yi. Suna da likitoci masu zuwa da jirgin sama tun 1928, amma sai an iya kiran su. Yaron nan kuma a sa masa ido, domin yara ba sa faɗin ƙishirwa da wuri. Idan fitsarinsa ya yi ja ko ya fara ciwon kai, a tsaya a ba shi ruwan gishiri da sukari.

Game da abinci, na san za ka so tafiya da kilishi, to ka haƙura. Suna da tsanani ƙwarai a filin jirgi kan nama da tsirrai, kuma ko kuka ce ko daddawa sai ka bayyana ta a takardar shiga, in ba haka ba tara ce mai nauyi. Ku sayi naman halal a Adelaide ku sa a firjin mota, ku haɗa da shinkafa da kifin gwangwani da dabino.

Malam Na Bakin Kura, Bauchi

Allah ya kai ku lafiya. Tafiyarku ta zarce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, don haka za ku riƙa yin Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu, sai inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu. Idan ruwan da ke hannunku na sha ne kuma kuna tsoron ƙarewarsa, taimama ta halatta, kada tsantseni ya sa ku ƙarar da shi a alwala. Ka lura kuma cewa alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa, saɓanin gabas da muka saba. Zan so ka tsaya a Marree da niyya, domin Musulmi masu raƙuma daga Afganistan da yankunan da ke Fakistan a yau, waɗanda suka riƙa dakon kaya zuwa tsakiyar ƙasar a ƙarni na 19, sun zauna a garin, kuma a nan ake cewa an gina masallacin farko a Ostareliya.

Baban Khalifa, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun yi magana da ƙanena, mun mayar da tafiyar dogon hutu na Agusta. Injiniya, akwai abin da zai canja a shirin idan lokacin sanyi ne?

Injiniya Abu Sadik, Gombe

Akwai, Malam. Rana za ta yi daɗi, amma dare kan yi sanyi har ruwa ya kusa daskarewa, don haka ku nemi jakar barci mai kauri da hular sanyi, ku shimfiɗa katifa tsakaninku da ƙasa, kuma ku zazzage takalma kafin ku sa da safe. Ku kafa tanti tun la'asar sakaliya, kada ku yi tuƙi da magariba ko da asuba, domin lokacin ne kangaru da shanu ke fitowa kan hanya, kuma gonakin kiwon can yawancinsu ba su da shinge a bakin hanya. Kada ku kwana a cikin busasshen rafi komai laushin yashinsa. Idan aka yi ruwa ko kaɗan ne, hukuma kan rufe hanyar, kuma wanda ya shiga rufaffiyar hanya tara ce a kansa, saboda haka ku duba allon da ke bakin Marree ku kuma tambayi masu gidan mai a kowane zango. Tun da a hagu suke tuƙi, ka bar wa ƙanenka sitiyari a kan titin Stuart, inda tireloli masu jan bodi uku ke wucewa, wasu tsawonsu ya haura mita 50. Kai ka karɓe shi a burji bayan idonka ya saba.