Injekta: allura ce ko feshi?

1/
Jama'a, ina neman kalma. Kawuna yana da Peugeot 504 ƙirar Kaduna, tana nan da kafiretarta ta asali, Solex. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yake ƙorafin tana sha kamar raƙumi, har ya yanke shawarar a cire kafiretar a sa mata abin da 'yan gareji ke kira injekta. Na zo rubuta bayanin aikin da Hausa sai na maƙale. Me za mu kira wannan tsarin?

2/
Kafireta ba ta da matsala, ta daɗe da zama 'yar gida, kamar fulogi da lagireto da salansa. Wasu su ce kafireto, wasu kabureta, kowa ya gane. Ita ma injekta ta kama hanya, sai dai kalma ɗaya ce ake ɗora wa kaya uku: tsarin baki ɗaya, da ɗan bakin da ke fitar da man, da ita motar kanta ("wannan injekta ce"). A hira ba laifi. A rubutu kuwa sai ka iske kana cewa injektar injekta ta toshe.

3/
Amsar farko da na samu, daga mutum fiye da biyar: "allurar mai". Na san inda aka ɗauko ta, kuma ban yarda da ita ba. Bahaushe in ya ji allura, tsini yake gani da huda fata, ko ɗinki. A nan ba a huda komai. Na gwada ta a kan Kawu, na ce za a yi wa motarka allurar mai. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, zazzaɓi take yi?"

4/
Ranar Asabar na je wurin bakaniken da zai yi aikin. Na ce, "Maigida, nuna mini yadda abin nan yake aiki, ba labari ba." Ya sa yaronsa ya ɗauko injekta guda, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, ya haɗa ta da famfo, ya riƙe bakinta a cikin wata tsohuwar kwalba, ya taɓa wayoyi biyu a batir. Ƙas, ƙas, ƙas. Duk taɓawa sai wani farin hazo ya buɗe a kwalbar kamar laima, ya bi jikin gilashin ya gangara. Ya ɗauko wata da ta toshe, ita tsartuwa kawai take yi, siririn layi kamar mai tsirta yawu ta tsakanin haƙora. Ya ce, "Ka gani, Malam? Mai kyau fesawa take yi. Wannan kuwa fitsari take yi."

Daga nan na san kalmarmu tana wajen fesa. Muna da feshin maganin ƙwari a gona, muna da feshin fenti, muna da feshin turare. Ba baƙuwa ba ce.

5/
Na fara murna da "feshin mai", sai wani dattijo da ya ce ya daɗe yana koyar da gyaran mota ya taka mini birki a cikin amsoshin da aka ba ni, kuma da gaskiyarsa. Ya ce ai ita ma kafireta fesawa take yi. Iska ce ke wucewa da gudu ta wani matsattsen maƙogwaro, sai ta zuƙo mai daga ɗan kwanon da ke gefe ta wata ƙaramar huda, ta tarwatsa shi. Ya tuna mana da tsohon famfon maganin sauro na gwangwani, wanda ake turawa ana ja: aikinsu ɗaya. Allah ya ƙara girma, Baba, na karɓa.

To ina bambancin? A kafireta iska ce ke jawo mai, kuma girman hudar nan shi ne mudun, an yanka shi an gama. Ko motar tana Zinder da tsakar rana ko tana Jos da asubar hunturu, mudun nan ne dai. Jos tana kan tudu, kusan mita 1,200, iskarta ba ta kai ta ƙasa kauri ba, shi ya sa motar da aka saita a gangare in ta hau can mai yakan yi mata yawa. Da sanyi kuma sai ka ja cok kana lallashi.

A sabon tsarin famfo ne ke turo man da ƙarfi, wajen ba 3 (ba, wato bar, ma'aunin ƙarfin matsi ne), alhali kafireta ko rabin ba ɗaya ba ta buƙata. Kwamfutar mota kuma ita ke faɗa wa kowace injekta tsawon lokacin da za ta buɗe baki, abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tana duba zafin ruwan inji, da yadda ka taka totur, da yawan iskar da ke shiga, da ragowar iskar da ke cikin hayaƙi, ta sake lissafi, tana neman kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Kenan ba feshin ne sabo ba. Awon ne, wanda ake sabunta shi kowane lokaci.

6/
Saboda haka shawarata: feshin awo.

Motar nan feshin awo ce. An mayar da ita feshin awo. Feshin awo ya fi kafireta tashi da sanyi. Ku faɗa da baki ku ji, ba ya harɗe harshe.

Shi kuma ɗan bakin, mafeshi, jam'i mafesai, a kan ƙirar mabuɗi da mabuɗai. Wani ya ce mafeshi zai iya zama mutum mai feshi a gona. Haka ne a rubuce, amma karin sauti ya raba su, kamar yadda ya raba maɗinki mutum da maɗinki abin ɗinki. Kuma ba wanda zai ji "mafeshi na uku ya toshe" ya tafi neman ɗan ƙwadago.

7/
Saura ɓangaren wuta. An kawo "na lantarki". Ina da ja kaɗan: famfon mai ma na lantarki ne, haka fitila, haka oda. Abin da ake nufi shi ne akwai mai lissafi. Kuma bambancin yana da amfani, musamman a kan 504. Tun fitowarta a 1968 Peugeot ta yi wani samfuri mai feshi na kamfanin Kugelfischer, wanda ƙarfe da famfo ke yin awon, ba kwamfuta a ciki. Mai kwamfuta da ya fara yaɗuwa shi ne D-Jetronic na Bosch, a Volkswagen 1600 a 1967. Su biyun feshin awo ne, amma ba ɗaya ba ne.

Masu gyara suna ce wa kwamfutar burenbos, wasu kuma su ce ƙwaƙwalwa, kuma wannan ta zauna daram. Kenan in ana son cikakken suna: feshin awo mai ƙwaƙwalwa. Na Kugelfischer, feshin awo na ƙarfe. A maganar yau da kullum a yar da jelar.

8/
Abin dariya, shi bakaniken ya ce abin da ya fi sabawa da shi shi ne akasin haka: a kawo masa mota mai feshi ƙwaƙwalwarta ta mutu, a ce ya cire komai ya ɗora kafireta. Kawu ne ke tafiya ta ɗaya hannun. Kuma jerin aikin da ya lissafa ya sa Kawu ya gyara zaman hula: a sauke tanki a wanke tsatsa, don ramukan mafeshi ba sa haƙuri da datti, sabon famfo da abin tace mai, a ja wani bututu da zai mayar da ragowar mai tanki, a huda bututun salansa a yi walda don abin da ke sansanar hayaƙi, a canza tiyon roba duka, domin tsohon tiyon kafireta in ya ji ba 3 zai fashe ya watsa fetur a kan inji mai zafi.

9/
Na gwada masa kalmar kafin in tafi. Ya maimaita sau biyu, "feshin awo, feshin awo," ya ce ba laifi, amma shi in ya je kasuwar kayan gyara injekta zai ce, kar a ɗauko masa famfon gona. Ban yi musu ba.

Abin da ya rage mini shi ne wancan mai sansanar hayaƙin, wanda suke kira sanso. An ba ni "hancin salansa", an ba ni "masunsuni". Na fi karkata ga hanci. Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku da Faransanci ya shiga garejinku, me bakanikenku ke ce masa?