Baƙin man Fijo 504 ɗina na warin fetur

Baban Sadiya: Jama'a, sati biyu da yin juyen baƙin mai, yau na zaro gejin auna mai na ga baƙin man ya haura maki, ya tsinke kamar ruwa, sai warin fetur. Ta ina yake shiga?

Bakanike: Alhaji, fara duba famfon fetur na jikin inji. Akwai roba a cikinsa, in ta tsage fetur kai tsaye yake gangarawa cikin baƙin mai. Kwance shi ka shinshina hannun da ke shiga inji.

Ɗan Funtuwa: Ni tawa matsalar kafireta ce, mai haɗa fetur da iska, allurar da ke tsayar da fetur ta daina rufewa. Fulogi suka yi baƙi ƙirin, ga baƙin hayaƙi.

Bakanike: Alhaji, kar dai ka tayar da motar haka, injin zai buga. Bayan gyara a sake juye, har da filta.